Fiziks Ba Ragowar Likitanci Ba Ne

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunaye, gidan da yaronsu ya nemi likitanci aka ba shi fiziks sai ka ɗauka rasuwa aka yi. "A yi haƙuri, ya sake zana JAMB baɗi." Wannan tunani kuskure ne, kuma marasa lafiya ne ke shan wahalarsa.

Na'urorin da likita ke leƙa cikin jikin mutum da su, daga ina suka fito? Wilhelm Röntgen, wanda ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, malamin fiziks ne. Haka Allan Cormack na Jami'ar Cape Town. A 1956 aka nemi ya riƙa leƙawa asibitin Groote Schuur yana kula da kayan gashin ciwon daji, a nan ya fara tunanin yadda lissafi zai haɗa hoton cikin jiki daga hasken da ya ratsa shi ta kusurwoyi daban-daban. Ya buga bincikensa a 1963 da 1964, kusan ba wanda ya waiwaye shi. A 1979 shi da injiniya Godfrey Hounsfield suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci saboda na'urar CT, alhali babu likita a cikinsu.

Mu kuwa sayen na'ura muka iya. A kawo ta, a yi bikin buɗewa, a watse. Wa zai auna ta? Masanin fiziks na asibiti shi ke cusa tulun roba cike da ruwa a cikin CT ya duba: dole ruwa ya nuna sifili, iska ta nuna 1000 ƙasa da sifili. Lambar na gocewa, hoton ya fara ƙarya, likita kuma komai ƙwarewarsa abin da ya gani zai karanta. Masanin fiziks ɗin ne kuma ke tsayawa kada a zuba wa yaro ɗan shekara biyar hasken da aka ƙayyade wa babba, domin hoton CT na ciki ya ninka hoton eksire na ƙirji sau gommai wajen yawan hasken da jiki ke sha.

Za a ce likitoci ma ba su ishe mu ba. Gaskiya ne, amma likitan da muke da shi ma muna tauye shi idan muka bar shi da na'urar da ba mai gwada ta. Asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri kowanne yana jingine da jami'a mai sashen fiziks. Su buɗe guraben aiki na dindindin, da albashi da kuɗin bincike, yadda mai digiri na uku a wannan fanni zai koyar da safe ya shiga ɗakin hoto da rana.