Kwalara Ba Ta Jin “Allah Ya Kyauta” Na Facebook

Duk damina labarin ɗaya ne. Kwalbatoci su cika su tumbatsa, ruwan masai ya gangara rijiyoyi, sai ka ji an ce amai da gudawa sun ɓulla a unguwa kaza. Kai kuma ka ɗauko waya, ka rubuta “Allah Ya kyauta”, ka wuce zuwa labarin ƙwallo. Addu’a na da kyau, ɗan’uwa, amma ita ma tana son a haɗa mata da hannu.

A shekarar 2021 kaɗai, mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin inda abin ya fi ƙamari. Abin takaicin, cuta ce mai saurin kisa amma mai sauƙin magani. Ruwan jiki take zuƙewa, cikin ’yan sa’o’i ta kwantar da ƙato. In an mayar da ruwan da wuri, da wuya a rasa mutum ɗaya cikin ɗari. Wato jinkiri ne ke kisa, kuma a nan ne matasa ’yan sa kai ke da rana.

Ba sai ka zama likita ba. Ka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin cokali. Ka koya wa gidaje goma a layinku, ka jaddada musu cewa mara lafiya ya riƙa kurɓa ana kan hanyar asibiti, kada a zauna a gida ana jiran sauƙi. Ka ajiye 6232 a wayarka, lambar kyauta ce ta hukumar NCDC. Ku haɗu da abokanka ranar Asabar ku yashe magudanar ruwa. Iyayenmu gayya suke ce wa wannan, kuma ba su taɓa jiran takarda daga sakatariya ba.

Ke ma ’yar’uwa, kada ki ce aikin maza ne. Akwai gidajen “ba shiga” da namiji ba zai wuce zaure ba, alhali can ciki ake ajiye randa, can ake jinyar yara. Mata ’yan sa kai masu bi gida-gida suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar da ta kai ga ayyana Najeriya ta rabu da cutar shan inna ta asali a 2020.

Na san abin da wani zai ce: “Ai aikin gwamnati ne, mu nawa za a ba mu?” Gaskiya ne, ruwan sha mai tsafta haƙƙi ne a kan gwamnati, kuma kada mu daina tambayarta. Sai dai kafin motar jami’an lafiya ta iso, wanda ke kusa da mara lafiya maƙwabcinsa ne. In gemun ɗan’uwanka ya kama da wuta, ba ka tsayawa lissafin kuɗin ruwa.

Amma a yi da ilimi. Je ka asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ko ofishin Red Cross na jiharku ka ce kana son a horar da kai. Kada ka rubuta wa kowa magani, kada ka taɓa amai ko bayan gidan mara lafiya da hannu tsirara, kuma ka wanke hannu da sabulu. Sannan wannan saƙon murya da ke yawo a WhatsApp yana cewa wani jiƙo na kashe kwalara nan take, ya tsaya a wayarka.

Sa’a uku a mako ake nema, ƙasa da abin da kake ba TikTok a yini guda. Ka fara da layinku, wannan Asabar ɗin.