Daga Hamadar Namibiya Zuwa Dajin Gundumi

A makon jiya wani abokina ya nuna mini hotunan da ya ɗauko a ƙasar Namibiya: jajayen tuddan yashi na hamadar Namib, da giwaye da raƙuman dawa suna shan ruwa a gandun dajin Etosha, ga baƙi daga Turai cikin motoci suna kallo. Ina duba hotunan, zuciyata kuwa tana can gida, a ƙasar Gobir, tsakanin Isa da Sabon Birni, inda a yau kalmar “daji” ba ta tuna wa kowa barewa ko jimina. Abin da take tunawa shi ne bindiga da kuɗin fansa.

Bayan Namibiya ta sami 'yancin kai a 1990, sai ta yi doka a 1996 wadda ta bai wa mutanen karkara ikon kula da namun dajin da ke ƙasarsu, tare da cin moriyar kuɗin da masu yawon buɗe ido ke kawowa. A yau irin waɗannan yankuna na al'umma sun haura 80. Maharbin da a da yake kashe dabba a ɓoye ya zama mai gadinta da albashi, domin giwa mai rai ta fi masa amfani a kan matacciya.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996. Da aka haɗa kai da manoman yankin, adadinsu ya haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas daga cikinsu aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maradi, wato jihar da ke iyaka da Sabon Birni. Sai dai Kure ta ba da wani darasin mai ɗaci: a watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a can, baƙi kuma suka ɗauke ƙafa. Ashe ba a yawon shaƙatawa inda rai ke cikin haɗari.

Mu kuma me muke da shi? Muna da kufan Alƙalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1808. Muna da fadamun gulbin Rima da na Bunsuru. Muna da dajin Gundumi, wanda Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa a 1853, cikin tafiyar da ta wuce kwana guda cur ba a yada zango ba, saboda rashin ruwa da tsoron mahara. Dattawa suna ba da labarin gada da barewa da kura a dazuzzukanmu, a zamanin da Sarkin Baka ke da ta cewa kan wanda zai shiga da abin da zai harba.

Ba ranar da ɗan bindiga ya shiga dajin nan ne muka rasa shi ba. Mun riga mun sake shi. Masu gawayi suka sare itatuwa, gonaki suka cinye burtali, ma'aikacin gandun daji ya koma mai karɓar na goro, aka kuma mayar da masu sarautar gargajiya 'yan kallo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dajin da manomi da makiyayi ba su ganin nasu ne, ba za su tsare shi ba.

Ba ina cewa gobe a kawo baƙi Alƙalawa ba ne, alhali wanda ya kwana a Gatawa bai da tabbacin wayewar gari. Tsaro ne farko. Amma ya kamata gwamnatin Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni su fara shiri tun yanzu: ranar da soja ya fatattaki ɓarayi daga Gundumi, wa za a damƙa wa dajin? A shata iyakarsa, a dawo da burtali da mashaya, a ɗauki maharba da matasan ƙauyuka, Hausawa da Fulani, aikin gadi da albashi, a kuma killace kufan Alƙalawa. In ba haka ba, soja na juya baya wasu za su sake tarewa.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.