Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Ƙungiyar Red Sox

Zuwa ga John Henry, mai ƙungiyar ƙwallon besbol ta Red Sox da ke birnin Boston a Amurka.

Ranka ya daɗe, tun da kuka sallama Mookie Betts ga ƙungiyar Dodgers a watan Fabrairun 2020, alhali shi ne gwarzon da ya ja ragamarmu muka ɗauki kofi a 2018, muhawara ba ta lafa ba tsakanin masoya, domin hujjar tsimin kuɗi da aka ji ana kawowa ba ta gamsar da ko yaron da ke zuwa filin Fenway sanye da riga mai lamba 50 ba. A shekarar ta 2020 Dodgers suka ci kofin, mu kuwa muka ƙare a ƙarshen rukuninmu.

Dattawa, waɗanda tarihi ya isa su darasi, suna tuna cinikin Babe Ruth a 1919 da ƙishirwar kofin da ba ta gushe ba sai 2004. Na san kai ne ka kashe mana ita, ba kuma za mu yi butulci ba. To amma ga Rafael Devers shi ma an miƙa shi San Francisco a 2025. Haƙiƙa muna neman bayani daga bakinka.

Wassalam.