Kafin a sake harba kumbo, wa aka saurara?

Ɗan'uwa, in ka taɓa cin karo da bidiyon kumbon Challenger a YouTube, ka san yadda gaban mutum yake faɗuwa. Ranar 28 ga Janairun 1986 ce, a jihar Fulorida ta Amurka. Kumbo ya tashi, jama'a na ta tafi, daƙiƙa 73 kacal sai ya tarwatse a sama. Mutum bakwai suka mutu, har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe, alhali yara na kallo kai tsaye a talabijin daga ajujuwansu. Bayan wata 32, hukumar NASA ta sake ɗora mutane a kan kumbo irinsa.

Na san me za ka ce: to me ya kai su? Ni dai ban ga laifin komawar ba. Waɗanda suke hawa kumbon nan manya ne, sun san haɗarin sarai, kuma da ƙafarsu suka je neman aikin. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake komawar.

Dubi Tarayyar Sobiyet. A 1971 'yan sama jannatinta uku suka mutu a kumbon Soyuz 11 suna hanyar dawowa, saboda iskar ɗakin da suke ciki ta tsiyaye, ga shi ba su sanye da rigar kariya, don wurin ba zai ɗauki mutum uku da riguna ba. Sai aka haƙura da burga. Aka rage mutum ɗaya, aka wajabta sa rigar, ba a sake tashi da mutane ba sai 1973. Daga nan har yau ba a sake rasa rai a tafiyar Soyuz ba.

Labarin Challenger kuwa ya fi ciwo, don an faɗa. Abin da ya jawo haɗarin wani zoben roba ne da yake toshe mahaɗar rokar, wanda sanyi yake sa ya ƙage. Daren jajibirin tashin, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar, ciki har da Roger Boisjoly, sun ce kada a harba cikin wannan sanyin. Manyansu suka keɓe, suka yi shawara, suka dawo suka sa hannu a tashi. Lokacin bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a kofin ruwan ƙanƙara a gaban 'yan jarida, kowa ya ga ta daina talewa ta koma yadda take. Ka ji fa, kofin ruwa! Abin da ƙananan ma'aikata suka yi ta faɗa ke nan ba a ji ba. Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A nan kunnen ne ya toshe.

An gyara robar, an koma a Satumban 1988. Shekara 17 bayan Challenger, ranar 1 ga Fabrairun 2003, kumbon Columbia ya wargaje a sararin jihar Teksas yana dawowa, wasu bakwai suka tafi. Wannan karon wani ɓallin soso ne ya ɓanɓaro daga tankin mai lokacin tashi, ya huda fiffiken hagu. Injiniyoyi sun gani a hoto, sun nemi a ɗauko hoton fiffiken da kyau tun kumbon yana sama. Shugabanni suka ce ba buƙata, ai soso ya saba faɗowa kuma ba a taɓa ganin komai ba.

Wannan "ai an saba" ɗin, kai da ni mun san shi. In kana ƙaramin ma'aikaci a gareji, ko asibiti, ko wurin gini, ka san nauyin buɗe baki ka ce wa oga, "Ranka ya daɗe, a dakata." Can ma haka abin yake, duk da digirorinsu. Shi ya sa in aka ce an gyara kumbo za a koma, ni ba na tambayar wane ƙarfe aka canza. Tambayata ita ce: in ƙaramin injiniya ya ce a tsaya, ana tsayawa? Ko a 2005 da aka koma bayan Columbia, soson ya sake ɓallewa, sa'a ce kawai ta sa bai daki kumbon inda zai yi ɓarna ba, dole aka ƙara jinkirta tashi na kusan shekara guda.

A 2024 an ga wani abu daban. Kumbon Starliner na kamfanin Boeing ya kai Butch Wilmore da Suni Williams tashar sararin samaniya, sai wasu ƙananan injinansa suka riƙa ba da matsala. Kamfanin ya ce kumbonsa zai iya dawo da su. NASA ta ƙi, ta sa aka dawo da shi ba kowa a ciki. Ya kuwa sauka lafiya lau, mutane suka yi ta tsiya a intanet, wai an bar bayin Allah a sama a banza. Tafiyar da aka shirya ta kwana takwas ta zama ta wata tara, ga kunya, ga asarar kuɗi. Ni na fi son wannan kunyar. A watan Maris na 2025 su biyun suka sauko cikin kumbon SpaceX, a tekun da ke gaɓar Fulorida, suna ɗaga wa mutane hannu.