Wasanni A Cikin Kundin Binciken Ɗalibai

A kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe da ke nazarin tattalin arziki a jami'o'i da manyan makarantun ƙasar nan sukan shiga neman batun da za su rubuta kundin bincike a kansa. Abin takaici, yawancinsu sukan koma kan batutuwan da aka riga aka tatse, kamar hauhawar farashi ko bashin ƙasashen waje, su kwaso alƙaluman Babban Banki, su sake jera abin da na gabansu suka jera. Kaɗan ne ke waiwayar wasanni, kuma wanda ya yi ƙarfin halin kawo irin wannan batu, sau da yawa akan sallame shi da cewa ƙwallo ba karatu ba ne.

Wannan ra'ayi kuskure ne. Tun a 1956 wani masani a Amurka, Simon Rottenberg, ya rubuta nazari kan yadda ƙungiyoyi ke saye da riƙe 'yan wasa, kuma daga nan fannin ya kafu. Nijeriya kuwa ta daɗe tana zuba dukiyar jama'a a wannan harka. Ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka a Legas a 1973 da Abuja a 2003, da Gasar Kofin Afirka a 1980, da gasar matasa ta duniya a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A waɗannan biyu na ƙarshe an buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi. An gyara filaye, an kashe kuɗi, baƙi sun watse. Ko jama'ar waɗannan garuruwa sun ci riba ko sun yi asara, tambaya ce da ta cancanci a amsa ta da lissafi.

Sai dai ɗalibin da ya zaɓi wasanni yana iya faɗawa ramin da ya guje wa. Idan ya rubuta take irin “Tasirin Ƙwallon Ƙafa Ga Tattalin Arzikin Nijeriya”, to ya ɗauki kayan da ba zai iya kaiwa gida ba, domin a cikin watanni kaɗan da kuɗin aljihun ɗalibi babu yadda za a auna wannan. Haka nan wanda ya tsaya kan cinikin 'yan wasa a gasar Firimiyar Ingila, ƙarshenta kwafo zai yi daga intanet. Batu mai kyau shi ne wanda yake da tambaya guda, da wuri sananne, da alƙaluman da ɗalibin zai iya tattarawa da ƙafarsa.

Gidajen kallon ƙwallo misali ne a bayyane. Kusan babu unguwar da ba ta da su, kuma kowanne ƙaramin kamfani ne mai kuɗin shiga da kuɗin kashewa: haya, kuɗin tashar tauraron ɗan Adam, man janareta, ladan mai karɓar kuɗi a ƙofa. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ba mai bincike dama ta musamman. Yana iya zagaya gidaje talatin ko arba'in a ƙaramar hukuma ɗaya, ya tambayi kuɗin shiga kafin janyewar da bayanta, ya gano ko masu gidajen sun ɗora ƙarin a kan 'yan kallo ne ko sun haɗiye shi, da yadda yawan 'yan kallon ya sauya. Wannan shi ne darasin farashi da buƙata da aka koya masa a aji, ga shi a ƙofar gidansu.

Na biyu shi ne ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi suka mallaka. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma an san ta da cika filin wasa na Sani Abacha. Duk da haka, kamar yawancin takwarorinta, daga baitulmalin jiha take samun abin tafiyar da ita. Nawa tikiti ke kawowa, nawa gwamnati ke cikawa, kuma me ya sa ƙungiya mai magoya baya haka ba ta tsaya da ƙafarta ba? A nan ne ɗalibi zai yi hattara da lissafin banza. Kuɗin da ɗan kallo ya kashe a bakin fili wajen mai tsire da mai ruwan sanyi ba sabon kuɗi ba ne ga gari, domin da bai zo ba, a wata kasuwar garin zai kashe shi. Kuma kowace naira da aka sa a fili, an hana ta asibiti ko makaranta. Birnin Montreal na Kanada sai a 2006 ya gama biyan bashin wasannin Olamfik na 1976.

Akwai kuma batun yaran da ake fitarwa waje. Dokar hukumar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Ko ƙananan ƙungiyoyin unguwa suna da takardun da za su nemi wannan haƙƙi, abin bincike ne. Dambe da kokawa ma suna da masu gida da masu kiɗa da 'yan kallo masu biya, amma da wuya a sami rubutaccen lissafinsu.

Nauyin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Ma'aikatan da ke riƙe da fayiloli a ma'aikatun matasa da wasanni sun saba mayar da ɗalibi da “je ka dawo” har lokacin miƙa kundi ya wuce, alhali Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta nuna inda ƙasar ta dosa game da takardun hukuma. Lalle ne kwamishinonin wasanni su umarci ofisoshinsu su buɗe lissafin tikiti da na kula da filaye ga duk ɗalibin da ya zo da takardar sashensa. Su kuma shugabannin sassan tattalin arziki su aika wa ma'aikatun kofe na kowane kundi da aka amince da shi, kafin lokacin tsara kasafin kuɗi na gaba.