Tafintan Masana'anta Sai Wanda Ya San Inji

A wannan mako za mu leƙa Latbiya, wata ƙaramar ƙasa a gaɓar tekun Baltik, wadda mutanenta ba su cika miliyan 2 ba. Ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyat a 1991, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, masana'antunta kuma, musamman na katako, da Turanci suke ciniki da ƙasashen waje. Ga shi kuwa harshenta ba shi da wani babban ɗan'uwa sai na Lituwaniya, don haka masu juya shi zuwa Turanci ba su da yawa.

Mai neman irinsu ya fara cigiya daga Jami'ar Latbiya da ke Riga, ko babbar makarantar garin Bentsfils, inda ake koyar da fassara. Amma fa takardar shaida kaɗai ba ta wadatar ba. A ba mutum shafi guda na littafin sarrafa inji ya fassara, injiniya ya duba. Tafinta kuwa a shiga da shi cikin masana'anta, a ji yadda zai yi da ma'aikata.

Dalili shi ne, a rubutun Latbiya 1,500 ɗaya da rabi ne, mai karatun Turanci kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar zai gani. Wanda bai san inji ba, haka zai kwafe lambar, a yi asarar kaya, ko ma hannun ma'aikaci. Araha dai ba ta ado.

Sai mako mai zuwa.