Rumbunmu yana gidan wa?

Duk ɗan kasuwar da ke ratsa iyakar Birnin Ƙonni da kaya ya san maganar da ta fi "dawo gobe" ɗaci a bakin ma'aikaci, wato "babu rezo". Mota na tsaye, albasar Galmi na shan rana, jami'in duwan kuwa yana zaune gaban ordinatarsa ba abin da zai iya. Tun da aka sa aikin duwan cikin tsarin Sydonia, wanda hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙera, takardar kaya ba ta kammala sai na'urar da ke kan tebur ta yi magana da wata uwar na'ura mai nisa, inda ake ajiye lissafi. In hanya ta yanke tsakaninsu, aiki ya tsaya.

Wannan uwar na'ura ita ce rumbun zamani, kuma ya kamata masu karatu su san yadda ake hayarta, domin dukiyarsu ce ke ciki. Manyan kamfanoni irin su Amazon, Microsoft, Google da OVH na Faransa suna gina gidaje maƙil da na'urori, da wuta da sanyi dare da rana. Na'ura guda sukan rarraba ta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya: kowane ɗan haya da ƙofarsa da makullinsa, yana biyan gwargwadon abin da ya ci. Abin da ake kira "gajimare" ke nan. Sunan ruɗi ne, don kuwa gini ne a bisa ƙasar wani, ƙarƙashin dokar wani. Hanyar da ke haɗa ofishi da ɗakinsa kuwa, kan intanet na kowa da kowa take bi, amma cikin ƙulli, tamkar motar da duwan ta buga wa hatimi a iyaka: tana bin godabe tare da sauran motoci, ba mai buɗe ta sai inda aka nufa.

Ga ɗan kasuwa, hayar tana da amfani, ba ma musu. Mai kanti a Malbaza ko mai awon hatsi a Badagishiri ba shi da dalilin sayen na'urar da ƙura da zafin bazara za su kashe. Littafin bashinsa ya fi tsira a can bisa ga cikin salular da ɓarawo ke iya fizgewa ranar kasuwa. Sai dai ya riƙe kwafi a hannunsa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gidajen OVH a Strasbourg, kuma waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba sun wayi gari da toka.

Sha'anin gomnati dabam ne, kuma nan ne muke da magana. Lissafin duwan, jerin albashin ma'aikata, takardun haihuwa, rajistar masu zaɓe, duk ba kayan da ake bai wa baƙo ajiya ido rufe ba ne. Tun 2018 Amurka ke da dokar da ta ba hukumominta damar tilasta wa kamfanoninta su miƙa bayanan da ke hannunsu, ko a wace ƙasa na'urar take. A 2022 Microsoft ya dakatar da sabon ciniki a Rasha saboda yaƙin Ukraine. Mu ma mun ɗanɗana namu: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe mana iyaka, Najeriya ta yanke wuta, an ƙulle kuɗin ƙasa a babban banki. Wanda ya ga haka bai kamata a tuna masa cewa makulli a hannun wani abin tsoro ne ba.

Ko babu siyasa, hanyar kanta siririya ce. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama, har da tamu da ba ta taɓa ganin teku ba.

Shirin wayar gilashi ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyi, ya ƙunshi cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Madalla. Amma rumbu guda a gari guda, gobara guda ce ke gamawa da shi. Muna kira da a kafa na biyu a cikin ƙasa, kuma jahar Tawa ta cancanta: tun 2018 Malbaza ke da tashar wutar rana mai megawat 7, Ƙonni kuma ƙofa ce ta hanyar Sakkwato. Kowane babban ofishin duwan a ba shi hanya biyu, da tanadin da aiki zai ci gaba in dukansu sun yanke, a daidaita lissafi daga baya.

Saura batun da masu mulki ba su son ji. Dawo da rumbu gida ba ya nufin ya shiga hannu nagari. Hukumomin ƙasar nan ne, ba baƙi ba, suka toshe intanet na salula kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Tun 2017 muke da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da aka ɗora wa tsaronta, HAPDP. A ba ta ikon shiga cibiyar Yamai ta duba wa ya buɗe fayil ɗin wa, da izinin wa. Ministocin kuɗi da na sadarwa kuma su buga jerin kamfanonin da ke riƙe da bayanan ƙasa, da garin da kowace na'ura take, da abin da ake biya duk shekara, da sharaɗin da aka rubuta na ranar da za a raba gari.